Sunayen da Ke Cikin Kofin Kaka

Da zarar Oktoba ya kama a jihohin arewa maso gabashin Amurka, mashaya da gidajen cin abinci sukan sauya takardar abin sha. A sauke haɗe-haɗen lokacin zafi masu kankana da na'ana'a, a ɗora na kaka. Cikinsu akwai wani haɗi da gidaje da yawa suke da irin nasu: barasar tuffa, da zumar bishiyar mefil, da citta. Mai haɗawa yakan yayyanka ɗanyar citta siri-siri, ya zuba a gwangwanin girgizawa, ya daddanne ta da 'yar taɓarya har ruwanta ya fito. Sai ya auna barasar kamar mililita 60, ruwan lemun tsami kamar 20, zumar mefil kamar 15, ya cika da ƙanƙara, ya rufe, ya yi ta girgizawa har gwangwanin ya yi raɓa a hannunsa, sannan ya tace a kofi. Wani yakan maƙala yankan tuffa a bakin kofin, wani ya tsoma sandar kirfa, wani ya ƙarasa cika shi da lemon citta mai gas. Lissafin bai da wuya. Tsami yana tare zaƙi, zaƙi yana kwantar da zafin barasa, citta kuma tana hana abin ya koma alewa.

Ni addinina ya raba ni da wannan kofi, haka ma yawancin waɗanda za su karanta wannan. Abin da ya tsayar da ni a kansa shi ne sunayen kayan da ke ciki. Babu ɗaya a cikinsu da yake zaune a inda masu shi na farko suka ajiye shi. Wani doka ce ta karkata shi, wani kasuwa, wani kuma lamirin mutane. Hausawa suka ce suna linzami ne, kuma a wannan kofi ana ganin abin da ke faruwa idan linzamin ya faɗa hannun wani: akwai sunan da ya tsarkaka, akwai wanda aka cire wa ciki aka bar ɓawo, akwai wanda aka gyara, akwai kuma wanda ya gurgunta dubban mutane.

Kafin a sami barasar tuffa sai an sami ruwan tuffa da ya tsimu, wanda Turawan Ingila ke kira cider, ana furta shi kamar "saida". Kalmar ta tsufa ƙwarai. Ta fito daga Ibrananci, inda "shekar" ke nufin abin sha mai bugarwa, ta bi ta Girkanci da Latin da tsohon Faransanci kafin ta sauka a Ingilishi. Tushenta ɗaya da "muskir" na Larabci, kalmar da duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya sani. Wato tun daga saiwarta maye take nufi. Amma yau in ka tsaya a bakin wata gona a jihar Vermont cikin Oktoba, za ka ga uwa ta sayi galan na abin da aka rubuta wa wannan suna, ta tsiyaya wa 'ya'yanta, kuma babu ɗigon barasa a ciki. Ruwan tuffa ne da aka matse jiya, mai duhu-duhu, ba a tace shi sosai ba. Yadda kalmar maye ta koma abin shan yara labari ne da ya faro daga halin ita kanta tuffar.

Asalin tuffa duwatsun Tiyan Shan ne, a Kazakistan, inda har yanzu kakanninta na daji suke tsaye a gangaren da ke kewaye da birnin Almaty. Tana da wata ɗabi'a: ɗanta ba ya gadonta. Ka ci tuffa mai zaƙi, ka shuka ƙwayoyinta biyar, za ka sami bishiyoyi biyar da ba su yi kama da uwarsu ba, ba su yi kama da juna ba, kuma yawancinsu 'ya'yansu ƙanana ne, masu tsami ko bauri. Wanda ke son irin da ya sani dole ya yi wa bishiyar aure, ya yanko reshen mai kyau ya ɗaura a kan wata. Duk tuffar da ake sayarwa da suna a kasuwannin duniya ta wannan hanya ta zo.

To, mutumin da Amurkawa suka fi tunawa da shukar tuffa ba ya yi wa bishiya aure. John Chapman, wanda suka yi wa laƙabi da Johnny Appleseed, an haife shi a Massachusetts a 1774, ya rasu kusa da Fort Wayne ta jihar Indiana a 1845. Yakan je wurin masu matsar tuffa ya kwashi ƙwayoyin da suka zubar, ya yi gaba zuwa dazuzzukan Ohio da Indiana tun kafin baƙi su iso, ya kafa wuraren renon dashe, ya jira. Yana da kasuwa a shirye, domin a wani yanki na Ohio, tun daga 1792, sharaɗin mallakar filin da aka ba baƙo shi ne ya dasa tuffa 50 cikin shekara uku, don a tabbatar zama ya zo yi. Tuffar ƙwaya ba ta ciwuwa da daɗi, amma ta dace da matsa. A gonakin wancan zamani ruwanta da ya tsimu shi ne abin sha na yau da kullum, da safe da rana, har yara ana ba su wanda aka sirka da ruwa. Ya shiga siyasa ma: a zaɓen 1840 magoya bayan William Henry Harrison sun yi kamfe da bukkar katako da gangar wannan abin sha, don nuna ɗan takararsu na talakawa ne, kuma ya ci.

Daga nan abubuwa suka juya. Baƙi daga Jamus suka zo da giyarsu ta sha'ir, mutane suka koma birane, masu wa'azin barin maye suka yi ƙarfi, musamman mata da suka ga abin da kwalba ke yi wa gidajensu. A Janairun 1920 aka haramta sayar da barasa a duk ƙasar, aka zauna a haka har Disambar 1933. Masu gonakin tuffa suka koma ga iri mai zaƙi na ci, suka riƙa tallata ta a matsayin abincin lafiya. A 1948 kamfanin Disney ya fitar da zanen Chapman a matsayin bawan Allah mai raba wa jama'a jajayen tuffa masu daɗi. Kalmar kuwa ba ta mutu ba. Ta zauna a bakin mutane, amma abin da take ɗauke da shi ya sauya. Yanzu Ba'amurke in yana nufin mai bugarwar sai ya ƙara mata siffa, ya ce mai ƙarfi. In ya faɗe ta tsurarta, mai zaƙin yake nufi.

Ba na baƙin cikin wannan. Al'ummar da ta cire maye daga teburin karin kumallon 'ya'yanta ta yi abin kirki, kuma akwai daɗi a ga kalma ta rabu da mugun gadonta. Amma tsarkin nata bai ƙetare teku ba, kuma nan ne damuwata take. Ɗalibi daga Kano ko Damagaram da ya yi shekara a Boston zai saba da cewa wannan suna na halal ne. Ranar da ya sauka a Landan ko Manchester ya ga gwangwani da sunan nan a kanti, abin da ke ciki barasa ne, domin Ingila ba ta taɓa sauya ma'anar ba. A Faransa akwai wanda ake rubuta wa "mai zaƙi", amma shi ma yana iya kaiwa kashi 3 cikin ɗari na barasa. Ko a Amurkar ma, tun da mai bugarwar ya dawo kasuwa a 'yan shekarun nan, ba kowane gwangwani ne ke ɗaga siffar "mai ƙarfi" a inda ido zai fara sauka ba. Abin da ba ya yaudara shi ne ɗan adadin nan na kashi cikin ɗari da ake bugawa a gefe da ƙananan baƙaƙe.

Barasar da ake zubawa a kofin kakan tana da sunaye biyu, gwargwadon gaɓar tekun da ta fito. Ta Amurka ana ce mata applejack, kuma sunan yana tuna wata dabara ta manoma marasa tukunyar tururi. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, barasa kuwa sai an kai kusan 114 ƙasa da sifiri. Saboda haka manomi yakan bar gangar tsimammen ruwan tuffa a waje cikin hunturu, kowace safiya ya kwashe ƙanƙarar da ta taru a sama ya zubar. Ruwa yana raguwa, abin da ya saura yana ƙara ƙarfi. Sai dai sanyi ba ya zaɓe. Tukunyar tururi tana ba mai ita damar zubar da farkon abin da ya fito da ƙarshensa, inda guba ta fi taruwa. Ƙanƙara kuwa ruwa kawai take ɗauka, ta bar dukan sauran a tattare. Shi ya sa abin ya yi suna wajen ciwon kai da karkarwa, har mutanen New Jersey suka yi masa laƙabi da walƙiyar Jersey. A wannan jiha ce dangin Laird, waɗanda kakansu ya zo daga Scotland a 1698, suka kafa kamfaninsu a 1780, kuma yana nan har yau. A shekarun haramci da matsar ruwan tuffa mai zaƙi da dafa miyar tuffa suka rayu.

Yau da tukunyar tururi ake yin na kasuwa, sunan ne kawai ya rage daga zamanin ƙanƙara. Wannan bai dame ni ba, domin sabuwar hanyar ta fi tsafta. Abin da ya dame ni ya zo daga baya. Wajen 1970, da mashaya suka koma son barasa marar nauyi, dokar Amurka ta buɗe wani aji da ta kira gaurayayye, inda ya isa a ce kashi 20 cikin ɗari ne kawai daga tuffa, sauran 80 barasa ce marar ɗanɗano, wadda galibi daga hatsi ake yin ta. Tuffa tana nan a kan kwalba da manyan baƙaƙe, amma a ciki tana iya zama 'yar rakiya. Masu haɗin da suka san aikinsu sun san haka, shi ya sa sukan nemi kwalbar da aka rubuta cewa tsantsar tuffa ce.

Faransawa suka bi wata hanya. Tasu sunan ƙasa take ɗauke da shi, Calvados, wani yanki na Normandi. Tun 1553 wani mai gona, Gilles de Gouberville, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa yana tace ruwan tuffa da wuta. A 1942 doka ta ɗaure sunan da yankin: sai an yi ta a can, da 'ya'yan itatuwan can, ta kuma kwana aƙalla shekara biyu a gangar katako, kafin a kira ta haka. Ko wanda ba ya sha zai iya girmama wannan tsari. Sunan ya yi alkawari, kuma akwai hukumar da za ta kama wanda ya saɓa.

Sai zumar mefil, wadda ita ce ta fi riƙe ni. Ba ƙudan zuma ke yin ta ba. Ruwan jikin bishiya ne, bishiyar nan da ganyenta ke tsakiyar tutar Kanada. Kuma duk da cewa babu abin da Amurkawa suka fi dangantawa da kaka kamarta, ba a samun ta a kaka ko kaɗan. Lokacinta ƙarshen hunturu ne, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da dare ke daskarewa rana kuma ta narke. Wannan kai-komo na sanyi da ɗumi shi ke tura ruwan a cikin itacen, ta yadda in an huda ɗan rami a gindi sai ya riƙa ɗiga. Bishiya takan kai shekara kamar 40 kafin a fara huda ta, lokacin kuma bai wuce mako huɗu zuwa shida ba. Da ta fara toho, ɗanɗanon ya ɓaci, an gama sai baɗi. Ruwan da ke fitowa fari ne tas, sukarinsa kamar kashi 2 cikin ɗari, da ƙyar harshe ke jin sa. Sai an dafa shi ya kai kashi 66, abin da ke cin kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa ruwan rake don yin mazarƙwaila ya san irin aikin: wuta ba ta mutuwa, tururi ya cika rumfa, mai dafawa ba ya barci don kada ta kama. Lardin Quebec kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke sha.

Turawa ba su zo da wannan ilimi ba, tarar da shi suka yi. Mutanen ƙasar na asali, irin su Abenaki da Ojibwe da Haudenosaunee, sun daɗe suna tsaga ɓawon bishiyar suna tara ruwan a ƙoƙunan ɓawon itace, har Ojibwe suka raɗa wa wani wata na shekara sunan dafa sukari. A wurinsu mefil alamar fita daga yunwar hunturu ce, abu na farko da daji ke bayarwa bayan watannin da babu komai. To me ya mayar da ita ta kaka? Ido ne. A Oktoba ganyen wannan bishiya yakan rine ja da ruwan goro, har mutane su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Vermont don kallo kawai, su sayi kwalbar zuma a hanya, wadda launinta ya yi daidai da na dajin. Akwai 'yar gaskiya a ciki, domin sukarin da ke fitowa a Maris abin da bishiyar ta tara ne tun lokacin da take da ganye, ta adana a jikinta kafin sanyi. Amma sunan kaka ya rufe mutanen da ke ratsa dusar ƙanƙara har gwiwa suna duba bututu a watan da babu mai zuwa kallo, ya kuma rufe ma'anar da masu abin na farko suka ba shi.

An taɓa ɗora wa wannan zuma wata ma'ana da ta fi ɗanɗano nauyi. Wajen 1790, likita Benjamin Rush na Philadelphia da wasu 'yan ɗariƙar Kweka suka yi ta kira a koma ga sukarin mefil, saboda sukarin rake na tsibiran Karebiyan da jinin bayi ake yin sa, bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Fatansu shi ne in kowane gida ya dafa nasa daga daji, cinikin bayi zai rasa riba. Thomas Jefferson ya karɓi ra'ayin, ya dasa mefil a gonarsa ta Monticello a 1791, gonar da bayi ke nomawa, kuma yawancin dashen bai yi ba. Shirin bai karya kasuwar rake ba. Amma ya bar wata alama da ta daɗe: tun da mefil na neman gurbin farin sukari, sai aka ɗauka mafi kyawunta ita ce wadda ta fi kama da shi, mai haske, marar ƙamshi mai yawa. A kan haka aka gina matakan daraja. Ta farkon lokaci, mai haske, ita ce ta ɗaya. Ta ƙarshen lokaci, mai duhu, wadda ta fi ɗanɗanon bishiyar kanta, aka ce mata aji na biyu, mai harafin B.

Shekara da shekaru mai saye yana ganin harafin nan yana tsammanin kaya ne mai aibi, alhali masu dafa abinci da masu haɗa abin sha ita suke nema, don ita ce ba ta ɓacewa a tsakanin citta da lemun tsami. A 2015 hukumar aikin gona ta Amurka ta soke tsarin. Yanzu duk wadda ta cika sharaɗin tsafta aji ɗaya ce, sai a bayyana launinta da ɗanɗanonta: mai ruwan zinariya da sauƙi, mai ruwan zuma da cika, mai duhu da ƙarfi, mai duhu ƙwarai da kaifi. Cikin duk sauye-sauyen sunan da ke wannan kofi, wannan ne na fi so. An daina gaya wa mai saye wadda ta fi, an koma gaya masa yadda kowace take, aka bar masa zaɓi.

Gefe guda kuma akwai ta jabu. Yawancin abin da Amurkawa ke zubawa a kan fanke da safe zaƙin masara ne da aka rina aka sa wa ƙamshi, kuma ɗaya daga cikin inda ake samo ƙamshin shi ne hulba, ita dai wadda muka sani. Tsakanin 2005 da 2009 mutanen New York sun sha tashi su ji gari ya gauraye da ƙamshin mefil, har wasu suka tsorata, kafin hukuma ta gano cewa wata masana'anta ce a New Jersey ke sarrafa hulba. Mutanen Quebec suna da sunan da suke kiran wannan jabu da shi: zumar turken waya, wato wadda aka tatso daga falwaya.

Citta ce ta uku, kuma a kanta ne suna ya yi ɓarna mafi muni. A shekarun haramci akwai wani maganin ciwon ciki da ake kira cittar Jamaika, wanda kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasa barasa ce. Da yake sunansa magani, ana sayar da shi a kanti, talakawa suna saye suna sha don maye. Hukuma ta ce dole a ƙara masa citta har ya yi ɗacin da ba zai shawu ba. Sai wasu 'yan kasuwa a Boston suka nemi abin da zai wuce gwajin hukuma ba tare da ɗacin ba, suka zuba wani sinadari da ake amfani da shi a masana'antar fenti. A farkon 1930 likitoci a Oklahoma suka fara ganin maza suna zuwa ƙafafunsu sun saki. An ƙiyasta mutum 30,000 zuwa 50,000 ne abin ya shafa, da yawa ba su sake tafiya daidai ba har suka mutu. Kwalbar ta ce citta, ta ce magani. Mai sayarwa ya san ƙarya ne, mai saye ma ya san ba don ciwon ciki yake saye ba, hukuma ta sani. Kowa ya yarda a bar sunan ya rufe abin, kuma a ƙarƙashin wannan rufi ne gubar ta shiga.

Akwai kuma akasin haka, wanda bai cutar da kowa ba sai dai ya rikitar: abin da Turawa ke kira giyar citta, wanda ake ƙarasa cika kofin kakan da shi, a da can yana bugarwa, amma yawancin na yau lemo ne kawai mai yaji da gas. Mu kuwa muna da wani dalili na jin nauyin wannan saiwa a cikin kofi. Suratul Insan, aya ta 17, ta ambaci zanjabil a matsayin mahaɗin abin shan 'yan Aljanna, wasu ayoyin kuma suka bayyana cewa abin shan can ba ya gusar da hankali. Nakan ji cewa citta ba ta buƙatar barasa kafin ta ɗumama ƙirji. Su ma manoman Vermont sun san haka, domin abin da sukan sha da yamma a Oktoba ruwan tuffa ne mai zaƙi da aka ɗora a wuta da kirfa da kanumfari da citta, wani ya ɗiga masa mefil mai duhu.

Citta ba ta jure sanyin ƙasashen da ke wannan haɗi, daga ƙasashe masu zafi ake kai musu. Nijeriya tana cikin manyan masu noma ta a duniya, kuma cibiyar noman kudancin Kaduna ce: Kachia, Jaba, Kagarko, da kewayen Kafanchan. Ana dasa ta da faɗuwar damina, a rufe kunya da ciyawa, a fara haƙa daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, sannan a tsattsaga ta a shanya, aikin da mata ke ɗauke da kaso mai yawa nasa. Masu sarrafa ta a waje suna neman ta saboda yajinta da yawan manta. Kamfanin Fever-Tree na Ingila, wanda lemon cittarsa ke kan kantar mashaya da yawa, yana faɗa da bakinsa cewa yana haɗa citta uku ne, ta Nijeriya da ta Kwaddibuwa da ta Kochin a Indiya.

Manoman can suna da sunayen irinsu. Akwai tafin giwa, mai faɗi da kauri da ruwan ɗorawa a ciki, akwai yatsun biri, siririya mai duhu da zafi. Waɗanda suka haƙo ta da hannunsu ne suka raɗa su, kuma duk wanda ya ga saiwar zai gane wacce ake nufi ba tare da an nuna masa ba. Amma sunayen nan a bakin buhu suke tsayawa. Da kaya ya bar kasuwar Kachia ya nufi tashar jiragen ruwa ta Legas, ya zama busasshiyar citta tsagaggiya, tan kaza. A 2023 wata cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin yankin ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, kuma da yake citta ba ta da ƙwayar shuka, saiwar bana ita ce irin baɗi, manomi ya rasa girbi da iri a lokaci guda. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mai sha a New York ba shi da hanyar da zai san inda abin ya faru, domin ba a taɓa gaya masa sunan wurin ba.

Abin da Normandi ta yi wa barasarta ba gatan Turawa kaɗai ba ne. Kamaru ta yi wa masoron Penja rajistar suna a 2013 a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, darajarsa ta tashi, manomansa suka ga bambanci a aljihu. Nijar ta bi wannan hanya da albasar Galmi da kilishinta. Ina son in ga an yi wa cittar Kachia haka. Aikin sananne ne: a shata iyakar yankin, a rubuta yadda ake noma ta da shanya ta, a kafa ƙungiyar manoma da za ta riƙa duba buhu kafin a buga masa hatimi, majalisar tarayya kuma ta yi dokar da za ta hukunta wanda ya ɗora sunan a kan cittar wani wuri. A kan hatimin a rubuta irin da ke ciki, tafin giwa ne ko yatsun biri.